Mikiyar da Aka Sare wa Kai a Zahir

Litinin: Jimeta zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida a Jimeta da jakar kaya ɗaya, da kuma wata ƙarama wadda ba na yarda kowa ya riƙe min. A cikin ƙaramar akwai madubin ƙara girma, da farar safar hannu, da wata 'yar tagulla mai faɗin kwabo wadda aka buga wa lamba 214. Inna, mahaifiyata, ta riga ni tashi. Ta haura tamanin da biyar, amma sai da ta dogara sanda ta rako ni har zaure. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hamidu, ka dawo min da magana ɗaya, ko e ko a'a."

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon sufeton 'yan sanda ne, kuma tun kafin in yi ritaya nake tara tsofaffin hulunan 'yan sanda, musamman na Jamus. Mutanen unguwa suna ce min Sufeto Mai Huluna, matata kuma ta ce ɗakina ya fi kantin magani warin kafur. Ba banza na kamu da wannan ciwo ba. Kakana Buba, wato Abubakar, mahaifin Inna, ya yi wa Jamusawa ɗan sanda a Garwa ta ƙasar Kamaru yana saurayi. Bayan an kore su ya dawo Yola ya yi noma, ya yi aure, sannan wata rana ya kama hanyar Makka a ƙasa, Inna tana goye. Ya bar wa kakata tagullar lambarsa, ya tafi da hularsa, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bara wani tela ɗan Gombe da ke zaune a Makka, Malam Isa, ya turo min hoto ta waya. Ya je ɗinkin labule a gidan wani tsoho a unguwar Zahir, aka buɗe akwati ya ga tsohuwar jar dara da mikiya ta tagulla a gabanta. Tsohon ya ce ta mahaifinsa ce, wani Abubakar da ya zo daga ƙasar Hausa a ƙasa. To, rabin waɗanda suka je Makka a ƙasa Abubakar ne sunansu, suna ba zai raba gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne lamba, domin sau da yawa akan rubuta lambar mai hula a cikinta da tawada. In na ga 214 a cikin hular nan, Inna ta san inda mahaifinta ya kwanta, ta kuma san tana da ƙani a duniya.

Na shiga motar Kano, muka yi sallar asuba a Numan, muka isa Gombe ƙarfe goma da kwata. Na ci masa da miyar taushe a tasha, naira dubu ɗaya da ɗari biyar, masar kuma ta kwana. Shinge goma sha ɗaya na ƙirga kafin Kano. A ɗaya daga ciki wani mai kaki ya leƙo da hularsa a karkace, baji ya koma bayan kunne. Na ce masa, "Gyara hularka." Direba ya taka mota yana cewa, "Baba, don Allah ka bar mu mu isa lafiya." Mun shiga Kano ƙarfe shida saura, na kwana a gidan wani tsohon abokin aiki a Hotoro.

Talata: Kano, Jidda, Makka

Jirginmu ya tashi ƙarfe goma saura ashirin na safe, ya sauka Jidda bayan la'asar da agogon can. Na ɗaura harami tun a Kano, na yi niyya a sama. Mutumin da ke da huluna cike da ɗaki, ga shi kai a buɗe, sanƙo yana ƙyalli. A filin jirgi wani jami'i ya ɗaga madubina yana juya shi, ya tambaye ni ko ni mai sayar da zinare ne. Na ce masa a'a, hula nake dubawa. Ya kalle ni, ya kalli kaina, ya miƙo min kayana.

Daga Jidda zuwa Makka wajen kilomita casa'in ne, na shiga motar haya da wasu mutum uku, riyal hamsin kowa. A shingen Shumaisi aka duba takardunmu, ba a ɓata mana lokaci ba. Na sauke kaya a wani masauki a unguwar Tandabawi, ɗaki ɗan ƙarami a hawa na uku, na wuce Harami na yi umra. A nan dai ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Na roƙa wa Inna, na roƙa wa Buba duk inda yake kwance.

Laraba: Mansur

Da hantsi na je unguwar Mansur wurin Malam Isa. Shagonsa bai fi taku uku ba, keken ɗinki biyu, kuma ido ɗaya yana kan allura ɗaya yana kan titi, don shekararsa goma sha huɗu a garin ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ya saya min ful da tamis, wake da burodinsu na can, na riyal bakwai, muka ci a kan tebur ɗin yanka.

Na sake buɗe hoton da ya turo min. Hoto ne mai duhu, an ɗauka hannu na rawa, amma abin da nake so ya fito. Na nuna masa. "Ka ga launin mikiyar? Ruwan ɗorawa. Ta 'yan sanda ke nan. Ta soja fara ce kamar azurfa. Ka ga wannan da ke saman kanta? Kambin sarki ne. Jamus tana da sarki lokacin da aka buga ta. Da sarautar ta faɗi, mikiyarsu ta koma ba kambi."

"Tayyib," in ji shi. "To cikin hular fa?"

"Cikin ne ba ka ɗauka min ba, Malam Isa."

"Wallahi ban san ana duba cikin hula ba, Sufeto. Ni na ɗauka gaba ake kallo."

Na danne zuciyata, domin shi ya yi min hanya. Ya ce sunan tsohon Ammu Salihu, haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, ya yi ritaya daga sayar da darduma. Tun da aka gaya masa zan zo gidan bai zauna ba. "Sati biyu suna shiri," in ji Malam Isa. "Har fenti suka yi wa majalisi, ɗakin baƙinsu." Na ji daɗin wannan magana, ban san abin da ke cikinta ba.

Alhamis: Zahir

Mun ɗauki tasi daga Mansur ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, riyal ashirin, tafiyar kwata ɗaya. Ammu Salihu da kansa ya tare mu a ƙofa. Ya rungume ni yana cewa, "Ahlan, ahlan, ɗan 'yar'uwata! Tafaddal, gidanka ne." Ni kuma na ce, "Sannu, Alhaji." Ban ce masa Kawu ba, don a aikina ba a sa hannu a takarda kafin a ga shaida.

Aka kawo gahawa da dabino, aka kawo shayi, aka ce akwai shinkafa da rago suna zuwa. Ɗansa Faisal, magidanci mai kimanin shekara arba'in wanda ke aiki a ofis, shi ke zubawa. Hausarsa guntu-guntu ce, in ta ƙare masa sai ya koma Larabci. Ni duk ban san me nake sha ba. Na daure na kofi uku, sannan na ce, "Alhaji, ko za a fito da hular?"

Tsohon ya yi dariya. "Fito da ita? Ai ga ta can a bayanka, ya waladi. Tun ɗazu take jiranka."

Na juya. A bango, cikin akwatin gilashi mai fitila, ga jar dara nan sabuwa fil, ja wur, tuntunta baƙi na zaren roba yana sheƙi, irin wadda ake sa wa masu raba gahawa a otal. A gabanta an manna mikiyar tagulla, an goge ta da man goge ƙarfe har tana kashe ido. Mikiyar ba ta da kai. Daga wuya zuwa sama babu komai, ba kai, ba kambi, sai wani ɗan fili mai santsi inda magagari ya bi.

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin ɗan sanda, na ga abubuwan da ba na son tunawa, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Na ce, "Wannan mene ne?"

Faisal ya taso da fara'arsa. "Jadida, ya ammi. Waccan ta lalace marra. Asu ya ci, wari, kulli shi rami. Abuya ya ce aib ne baƙo ya zo daga Najeriya ya ga haka. Na sayo wannan a Jidda."

"Ina tsohuwar?"

"Khalas. Zibala."

"Me ya ce?" na tambayi Malam Isa, ko da yake na ji sarai.

"Ya ce an zubar a shara, Sufeto."

"Yaushe?"

Aka yi lissafi tsakanin uba da ɗa, aka ce kwana goma sha ɗaya ke nan. Hular da ta taka daga Garwa zuwa Yola, ta ƙetare Chadi da Sudan a kan mutum ko a cikin gafakarsa, ta hau jirgin ruwa, ta yi shekaru a akwati ba wanda ya taɓa ta, ita ce aka jefa cikin ɓawon albasa kwana goma sha ɗaya kafin in iso. Kuma don a girmama ni aka yi.

Na ce, "Alhaji, akwai rubutu a cikinta?"

"Akwai, akwai. Rubutun Nasara. Arƙam."

"Waɗanne lambobi?"

Ya ɗaga kai yana tunani. "Wallahi ban riƙe ba. Uku ne ko huɗu. Faisal, ka tuna?"

Faisal ya ɗaga kafaɗa. Na fito da tagullar Inna na ɗora a tafin hannuna, na kai ta gaban tsohon. "Irin waɗannan ne? Biyu, ɗaya, huɗu?" Ya duba, ya ce mai yiwuwa, in sha Allah su ne. Na ce masa in sha Allah ba lamba ba ce. Malam Isa ya taɓa min gwiwa, na ture hannunsa.

"To kan mikiyar fa? Shi ma asu ne ya ci?"

A nan tsohon ya gyara zama, ya yi min bayani a natse kamar yana karantar da yaro. Muddin tana cikin akwati, in ji shi, ba matsala. Amma da za a rataye ta a majalisi, inda ake salla in baƙi sun yi yawa, ba zai yiwu a bar surar abu mai rai da kanta ba. Ya tambayi limamin masallacinsu, aka ce masa a cire kan, sauran ya zama kamar itace. Shi ya sa Faisal ya kai ta wurin mai gyaran makulli. Shi kansa, in ji shi, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na bataƙa, katin shaidar ɗan ƙasa, don dole.

Ba zan yi gardama da malamai a kan hukunci ba, ba fagena ba ne. Amma wa ya ce a rataye ta? Wa ya roƙi gilashi da fitila? Na faɗa masa haka, kuma ban faɗa a hankali ba. Na ce da sun bar ta cikin tsummanta da warinta da sun yi min karamcin da ya fi rago goma. Na ce akwai tsohuwa a Jimeta da ta shekara tamanin da biyar tana jiran lambobi ukun nan, su kuma sun ba motar shara. Na ce wanda bai san darajar abu ba, ya bar shi inda ya gan shi. Faisal ya ce, "Ya ammi, ihtaram shuwayya, wannan abuya ne." Tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ma'alish, bar shi. Daga nesa ya zo."

Na ce a buɗe gilashin. Na sa safar hannu, na cire mikiyar daga jikin wannan hular otal, na koma kusa da taga na juya wa kowa baya. Tunda abin da ya rage ke nan, sai in yi aikina.

Ga masu sha'awar wannan harka, ga yadda ake yi. Ba gaban baji ake fara dubawa ba, baya ake dubawa. Na jabu zubi ne, ana narka ƙarfe a zuba, saboda haka bayansa a cike yake, yana da nauyi, da 'yan ramuka kamar na masa. Na gaske inji ne ya buga shi a kan fallen tagulla, duk abin da ya tudu a gaba ya yi rami a baya. Wannan bugun inji ce, ba shakka, ba nauyi, gefenta a tsaftace. Ƙafafun da ake soka wa a hula biyu ne, ɗaya na asali da tsohuwar dalma ta yi baƙi, ɗaya an taɓa gyara shi tun da daɗewa da wata irin dalma ta maƙeran gida. Man gogewar bai kai cikin lungunan baya ba, a can na ga tsatsa kore da wani ɗan zaren jan ulu da ya maƙale, abin da ya rage na tsohuwar hular duka. Na ciro shi da tsinke na nannaɗe a takarda.

Kambin ya tafi, amma a ƙirjin mikiyar akwai garkuwa, a cikin garkuwar kuma akwai wata 'yar mikiya ƙarama wadda sai da madubi ake ganin ta sosai. Wannan ma alamar zamanin sarki ce. Mai magagari bai lura da ita ba, kanta yana nan. Ban gaya musu ba, kada a aika a kira shi. Hukuncina shi ne: bajin 'yan sandan Jamus ne na ƙasar Kamaru, na gaske, na kafin a kore su. Na ɗauke shi hoto gaba da baya da gefe, da fitila da babu fitila. Amma irinsa an raba wa ɗaruruwan mutane, kuma ƙarfe ba ya faɗin kan wa ya hau.

Aka shigo da shinkafa da rago. Tsohon ya zo ya tsaya a gefena yana magana, wai mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ba ya son zancen gida, in an tambaye shi sai ya ce ya bar aikin Nasara a bayansa. Yana ta faɗin wasu abubuwa, ni kuwa ina amsa masa da "uhm", idona yana cikin madubi. Na ci loma uku don kada a ce ban ci ba. Ana kiran magariba na miƙe. Ya ce in kwana, na ce ina da masauki. Ya ce in dawo gobe bayan Juma'a, na ce sai na gani.

Muka hau tasi da Malam Isa zuwa Mansur. Da zai sauka ya ce, "Sufeto, gidan nan ni nake musu ɗinki." Na ce ya yi haƙuri, amma ko a lokacin raina bai sauka ba.

Juma'a zuwa Lahadi: komawa

Ban koma Zahir ba. Na yi Juma'a a Harami, na saya wa Inna dabino da carbi da zamzam. Da yamma, kunya ba ta hana ni ba, sai da na tambayi wani mai shara ɗan Nijar inda ake kai sharar unguwar Zahir. Ya ce bayan gari, kuma kullum ana binnewa da katafila. Ya tambaye ni ko zinare ne ya ɓata. Na ce hula ce. Ya ce, "Alhaji, ga huluna nan riyal biyar-biyar."

Asabar ƙarfe bakwai na safe na bar Tandabawi, jirgi ya tashi daga Jidda da azahar, muka sauka Kano kafin magariba. Lahadi ƙarfe biyar na asuba na shiga motar Yola. Taya ta fashe mana bayan Kaltungo, muka yi awa ɗaya da rabi a rana. Duk hanya ina tsara yadda zan ba Inna labarin ɓarnar mutanen nan, da abin da na ce musu, kalma bayan kalma.

Na isa gida ƙarfe shida da minti ashirin na yamma. Inna tana kan tabarmarta a tsakar gida. Bayan gaisuwa na zauna na kwashe mata komai, sabuwar dara, shara, magagari. Na ce baji na gaske ne, amma lamba ta tafi, saboda haka ba ni da e ba ni da a'a. Na fito da waya ina nuna mata hotuna. Ta kalli biyu ta ture wayar.

"Shi tsohon fa? Nuna min shi."

"Ba ya yarda da hoto, Inna."

"To ai ka gan shi. Dogo ne ko gajere?"

Na ce matsakaici ne, ina jin.

"Yana da wushirya? Innata ta ce Baba yana da ita. Ni ma ina da ita kafin haƙoran su zube, kai ma ga taka nan."

Na ce ban lura ba.

"Kunnensa fa, irin namu ne masu fita waje? In zai yi dariya yana rufe ido ɗaya?"

Na lalubi kaina ban sami komai ba. Na tuna farar jallabiya, na tuna hannu yana miƙo min dabino.

"Awa nawa ka yi a gidan, Hamidu?"

"Kusan uku."

"Kana kallon me?"

Ta miƙo hannu, na ɗora mata tagullar mahaifinta, ta ƙulle ta a bakin zaninta yadda take tun ina yaro. Ta ce a miƙo mata buta, magariba ta yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya. Na gode wa abokina na Hotoro da ya ba ni wurin kwana, da Malam Isa wanda na ɓata wa da masu ba shi ɗinki, Allah ya rufa masa asiri a inda yake. Faisal da mai gyaran makullin nan kuwa har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na kira gidan Zahir sau uku, kullum Faisal ke ɗauka, ya ce abuya yana hutawa. Inna ba ta sake tayar da zancen ba. Ina da hoton mikiyar nan guda sittin da biyu a wayata, na san yawan gashin kowane fiffikenta, amma mutumin da ya rungume ni a bakin ƙofa ya ce min ɗan 'yar'uwarsa, ban san ko yana da wushirya ba.